Albasar Argungu Ce Ta Raba Gardama

Ni da yayata mun yi aikin ido na leza a Abuja don mu rabu da tabarau. Ita ɗaga fatar ƙwayar idonta aka yi aka gyara, washegari tana gani tar. Ni goge saman ƙwayar idona aka yi, na daɗe a ɗaki a Birnin Kebbi ina hawaye, ina jin haushinta. Daga baya ganinmu ya zo ɗaya, sai dai idonta kullum a bushe.

Da bikin ƙanenmu a Argungu aka zube mana albasa mu yanka. Ina ta sharɓar hawaye, ita ko ɗigo. Inna ta dube ta, ta tura mata buhun gaba ɗaya.

Tun ranar yankan albasar kowane biki nata ne, ni kuwa na huce.