Abincin Aljanin Gadar Jirgi

Shekara ashirin wani tsohon hedimasta a Kafanchan yana rubuta labarin aljanin gadar jirgi, ɗan littafi mai zane da ke fitowa duk wata. Da idonsa ya daina gani sai ya kira ni, don na taɓa koyarwa a makarantarsa, ya damƙa mini aljanin.

"'Yata, ki yi yadda kika ga dama da shi, amma kada ki canja masa abinci."

Abincin kuwa ɗanyar citta. Haba jama'a! Aljanin da ke ɗaga taragon jirgi da hannu ɗaya, a ce citta kawai yake ci? Na ce a raina rigimar tsufa ce. A fitowar Disamba na zaunar da shi gaban shinkafar Kirsimeti, har da cinyar kaza.

Kwana uku sai ga wani Alhaji mai shagon atamfa a ƙofata, mutumin da fitowa ko ɗaya ba ta taɓa wuce shi ba.

"Malama, tun yaushe aljaninmu ya koma coci?"

Aljaninmu fa! Na ba shi haƙuri. Da Babbar Sallah ta zo na cika wa aljanin kwano da soyayyen naman rago, wai ni mai adalci. Ranar Lahadi shugabar zumuntar mata ta tare ni a bakin coci.

"Sista, wato ya musulunta ke nan, ba ki gaya mana ba?"

Masu saye suka janye ta kowane ɓangare. Mai buga littafin ya ce fitowa ɗaya ta rage, in ba a gyara ba a rufe. Na tafi wurin tsohon ina huci, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari.

"Kin ɗauka ban san shinkafa ba ne? Citta kowa na ci. Duk garin nan shi kaɗai ne ba a taɓa tambayarsa inda yake ibada ba."

Kunya ta rufe ni, har na ji ƙwalla.

A fitowa ta gaba aljanin ya kwanta ciwon ciki shafi shida, yana rantsuwar ya daina cin abincin mutane. Alhaji ya aiko da ƙullin citta, wai a gai da mai jiki. Washegari shugabar zumunta ta kawo nata ƙullin.

Na kai wa tsohon duka biyun. Ya juye su a faranti ɗaya, ya cakuɗa da hannu, ya turo mini.

"To 'yata, ke mai ido, ware mini na Alhaji."

Na duba, na sake dubawa. Ban iya ba.