Karsanar Inna a Gandu

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, dabbobinmu na Tsamaye suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ina 'yar yarinya lokacin, amma na isa aike. Abin da ya rage mana karsana ce fara, bokolo, irin shanun nan masu guntun ƙaho, wadda Inna ta gada daga mahaifinta. Karan dawa ya ƙare, Baba ya kwance dangar bayan gida ya ba karsanar, daga nan ya koma zarar bunun rumbu. Da ta kai sai an tallafa mata take miƙewa, ya gaya wa Inna cewa akwai wani gandu ta wajen garin Isa, inda malaman gona ke renon itatuwa da dabbobi suna koya wa manoma aiki. Suna karɓar dabba mai kyawun iri, amma in ka bayar, ka bayar ke nan.

Aka yi kwanaki. Wata safiya Inna ta kwance igiyar da hannunta ta miƙa masa.

Da bazara ta yi tsanani, sai Inna ta ce tana son ta ga karsanarta. Muka shiga motar 'yan kasuwa, ni da ita da Baba da ƙanena, muka ƙarasa da ƙafa. A hanya mun wuce mata suna tonon gidan tururuwa don neman tsaba. Mun wuce mushen shanu da yawa, har ƙanena ya daina nunawa.

Waya ce ta kewaye gandun. Abin da ya fara tarbar mu ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, wanda na manta da shi. Ƙanena ya tsuguna ya dafa laka, ya ɗago ya tambayi Baba ko nan kaɗai ake ruwan sama. Malamin gonar, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce a'a, inji ne ke jawo ruwa daga rijiya mai zurfi.

Ya zagaya da mu. Mun ga ƙananan dashen gawo da bagaruwa da dogon yaro jere cikin ledoji a ƙarƙashin rumfa. Mun ga barewa biyu waɗanda ƙishirwa ta koro daga daji suka ƙi komawa, da gauraka tsaye a bakin kududdufi. Baba yana ta tambaya kan dashe da taki, kamar mai gonar da ke jiransa. Inna tana biye, idonta na can gaba.

A bakin garke ta tsaya, ta yi irin kiran da take yi a gida da yamma. Wata saniya mai sheƙi ta ɗago kai. Ni ban gane ta ba, don haƙarƙarin da na saba ƙirgawa ya ɓace. Ta tako a hankali har ta sa hanci a tafin Inna. Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan guntun kanwa ta ba ta, sannan ta shiga duba kunnuwanta ko da kaska.

"Tana da ciki," in ji malamin. "Ki riƙa zuwa, Inna, ba mai hana ki."

"Allah shi saka da alheri," ita ke nan amsar da ta ba shi.

Muna nan sai muka ji sallama daga bayan waya. Wani tsohon Bafillace ne da ragowar shanunsa, sun jingina da juna, suna kallon ciyawar da ke ciki. Ya roƙi Baba ya sa masa baki, ko ɗaya a karɓa. Malamin ya sunkuyar da kai ya ce wallahi wuri ya cika, ruwan rijiyar ma ja da baya yake yi. Ya ɗauko dami guda na harawa ya jefa masa ta saman waya. Tsohon ya yi godiya, ya zauna yana rarraba wa shanun da hannu, kaɗan-kaɗan.

Inna ta janye hannunta daga wuyan karsanar. "Mu tahi," ta ce.

Muka kama hanyar komawa. Can Baba ya ce, "In Allah ya kawo damina, za ni koma in roƙe su, ko ɗan da ta haifa su ba mu."

"Bar su," in ji Inna. "Ka ga na bayan waya. Tamu tana ci, tana sha. Mi kake so kuma?"

Ba mu sake zuwa ba. Baba ya tafi ci-rani kudu, ya daɗe, gidan ya koma hannun Inna. Bayan damina ta dawo, wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu da ke bin hanyar Isa ya leƙo ya ce ya biya ta gandun, an ce a gaya mata karsanarta ta haihu lafiya, namiji. Inna tana sheƙar gero a tsakar gida. Ta tambaye shi launin marakin, ya ce bai tambaya ba. Ta ce alhamdulillahi, ta jira iska ta taso, ta ɗaga ƙwaryar.