Dattijon da Ruwan Shuka Ya Sa Aka Kori Ƙararsa

A barandar kotu a Funtuwa wani dattijo yana zaune, babbar riga fes, ƙafa duk kaushi. Kowane suna masinja ya kira, sai ya miƙe zumbur: "Ga ni!"

"Baba, ba kai ba ne. Zauna."

Ina ji yana gaya wa na kusa da shi cewa bara an kori ƙararsa ta iyakar gona saboda bai zo ba: ranar zaman aka yi ruwan shuka a Bakori. Yanzu ya ɗaukaka ƙara, ya kuma rantse yau ba abin da zai tashe shi.

Sai ga hadari yana cida ta gabas. Bai ɗaga kai ba. Benci kawai ya damƙe da hannu biyu.