Injin da aka kafe da siminti

"Ai ban ce zan tafi da bangonsu ba," in ji Baba mai injin niƙa. "Injina kawai zan kwance. Ni na saya, Akawu, kai ma shaida ne."

"Na sani, Baba."

"To ina matsalar?"

Akawu ya dubi takalminsa da gari ya riga ya yi wa fari fat. Matsalar tana shafi na huɗu na yarjejeniyar haya, sakin layi na sha ɗaya: duk abin da ɗan haya ya kafe a ƙasa ko a bango ya zama na ginin. An sayar da jerin shagunan, sabon mai gini ya ba kowa wata uku ya tashi. Shi kuwa injin Baba, shekara tara ke nan ƙafafunsa na cikin siminti, tun ranar da telan da ke maƙwabtaka da shi ya yi ƙorafi cewa jijjigar tana karkata masa ɗinki.

Shekara ashirin da biyu Akawu ya yi a ofishin Lauya, teburinsa na bakin ƙofa, kusa da kabad ɗin fayiloli. Ya so ya karanci shari'a, mahaifinsa ya kwanta ciwo, ƙanne biyar suka dawo wuyansa. Sai ya zama mai buga hatimi, mai kai wasiƙa, kuma mai karanta wa 'yan haya takarda kafin su dangwala yatsa. Da wannan aka san shi. Matarsa kan ce ko takardar cikin kwalin magani ya samu sai ya tara yara ya karanta musu.

Ranar da Baba ya zo karɓar shagon nan, ana ruwa, motar da ta ɗauko injin tana jira a waje, direba sai danna oda yake yi. Suna shafi na uku Baba ya ce, "Wuce, ɗana, wuce, na yarda da kai." Akawu ya lashi yatsa, ya juya shafi biyu a haɗe.

Jiya ya shiga wurin Lauya da fayil ɗin, ya faɗa mata duk yadda aka yi. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ita yanzu lauyar sabon mai ginin ce, ta kuma riga ta roƙe shi sau biyu, ya ce da injin ya yi cinikin wurin. "Ka ce wa tsohon ya nemi nasa lauyan," in ji ta. "Amma ni da kai mun san abin da zai gaya masa."

"Karanta min wurin," in ji Baba. "Yau ba na sauri."

Akawu ya karanta, kalma bayan kalma, ya fassara. Baba ya saurara da hannunsa a kan belin injin.

"Gajere ne ma ashe."

"Laifina ne, Baba. Da na..."

"Kai, rufa min baki. Ni na ce ka wuce. Har tsawa na yi maka, kana ta wani lanƙwasa murya kamar mai karanta labarai a rediyo." Ya ɗan yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. "Yanzu in na zo da guduma na fasa simintin fa?"

"Za su ce ka lalata musu gini. Kotu ke nan."

"In na bar shi?"

Akawu ya zaro takardar sanarwar tashi daga ambulan, ya ajiye a gabansa.

Wata mata ta shigo da bokitin masara a ka, ta ce a taimaka mata tana sauri. Baba ya sauke mata, sannan ya goge babban yatsansa a riga, ya miƙa. Akawu ya buɗe tawada. Yatsan ya sauka a inda aka rubuta cewa an karɓi sanarwa.

Baba ya ja igiya, inji ya tashi, ƙara ta cika shagon. Ya faɗi wata magana, Akawu bai ji ba, ya dai gyaɗa kai. Ya fito, ya karkaɗe wandonsa, ya zaro ambulan na gaba. Na mai gyaran agogo ne, ƙofa ta uku. Ya nufi can.