Isnadin Tsohuwar Kwamfuta

A shekarata ta biyu a Makka ina aiki a wani ƙaramin ofishin motocin alhazai a Utaibiyya. Mai ofishin, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, dattijo ne haifaffen Makka, jikan Sakkwatawa. Hausarsa ta tsofaffi ce, rabinta kuma Larabci. Ammi muke ce masa. Ni kwamfutoci ne aikina. Sunayen alhazai da hotunan fasfonsu, da tsarin wace bas za ta kwashi su wa daga Arfa zuwa Muzdalifa, duk a hannuna suke. Na ji daɗin wurin nan. Ga shayi ba ya yankewa, ga Harami kusa, ba mai ɗaga wa wani murya.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta da na tsinto a wani shago a Hindawiyya. Na kakkaɓe ta, na ɗora mata wata babbar manhaja ta kyauta, wadda masu ita ba su sa komai a gaba ba sai tsaro. Na girke ta a mashigar intanet ɗinmu ta zama maigadi. Muni kam tana da shi, ga ƙara kamar injin markaɗe, amma tun da na kunna ta ɓarayin intanet ba su ƙara taɓa mu ba. Ina son kwamfutar nan, ba zan ɓoye ba.

Bakina ne ya ja mini. Wata la'asar, aikin hajji ya matso, muna shan shayi na kama yabonta. Na ce ai ƙarfinta ya kai har sojojin wata babbar ƙasar Turawa sun taɓa ba masu rubuta manhajarta kuɗin aiki. Ni a ganina kirari na yi mata. Ammi ya ajiye kofinsa. Ya ce kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Hausa saboda sojan Nasara, don haka ba zai damƙa amanar baƙin Allah ga abin da soja ya ciyar ba. In cire ta kafin Juma'a. Ya ƙara da cewa wanda zai shigo masa da irin wannan bai yi shawara ba, dole a sake tunani a kansa. Iƙamata kuwa, takardar zamana a ƙasar, bayan hajji za ta ƙare, kuma sai da sa hannunsa ake sabuntawa.

Na ji haushi sosai, na kaina ya fi yawa. Ran Alhamis ya kira ni. Na shiga da bayanina a shirye. Na ce manhajar a buɗe take, duk abin da aka rubuta a cikinta yana fili, kowa a duniya yana iya karantawa, ba inda za a ɓoye kafar leƙe. Ya bar ni har na gama.

"Ɗayyib, na ji. Kai ka karanta?"

Da na ce e, da magana ta ƙare, don ba shi da hanyar ganewa. Amma ni kaina tambayar ta daki ƙirjina.

"Ban karanta ba, Ammi. Ɗan kaɗan na duba. Ta fi ƙarfin mutum ɗaya."

Ashe a ƙuruciyarsa ya zauna gaban malaman hadisi a Harami, kuma da ma'auninsu yake auna kowane labari. Ya shiga bin isnadi, wato wa ya ji daga wa. Su wa suka karanta? Sun san juna ne, ko kowa da garinsa? An taɓa kama su da ɓoye kuskure? Wanda na sani na faɗa, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Sai gumi nake, ga sanyin na'ura.

Ya tambayi ko har yanzu sojan na biyan su. Na ce a'a, iyakar abin da na karanta, shugaban masu aikin ya fito ya soki wani yaƙi da ƙasar ke yi, ba a jima ba aka janye kuɗin, su kuma suka ci gaba da aikinsu. Ammi ya yi 'yar dariya. Ya ce wanda aka janye wa akushi saboda bakinsa, a wurin malamai wannan shaida ce mai kyau. Amma ba ta isa ba, don duk wannan labarin ta bakin mutum ɗaya ya iso masa.

"Su ban san su ba, ya waladi. Kai ne mai ruwaya na ƙarshe, kai zan auna. Da ka ce mini ka karanta duka, da kai da ita kun tafi tare."

Ya ce in bar ta a kunne, in kuma kawo takardun iƙamata bayan Sallah. Na fito na koma kujerata. Shekara shida na ƙara yi a ofishin nan.