Ranar da Aka Tafi Kumasi Ba da Ni Ba

Gidanmu na Unguwar Kanawa ba ya rabo da baƙi. Kakanmu falke ne, ya daɗe yana safarar goro tsakanin Kumasi da Kano kafin ya kafa gida a Kaduna, kuma duk gidan da ya taɓa kwana a hanya, mutanen gidan sun ɗauki namu tamkar nasu. Ya rasu tun ban yi wayo ba, amma baƙinsa ba su daina zuwa ba. Sai ka ga mutum ya sauka a tashar Kawo da jakarsa, ya yi ta tambaya har ya zo ya yi sallama a zaure. Kakarmu, wadda muke kira Inna, ba ta tambayar baƙo kwana nawa zai yi. Ruwa take fara aikawa, sannan ta ƙara gari a tukunyar tuwo.

Mu yara mu muke ji a jikinmu. Katifarmu ake ɗauka a kai zaure, tsokar da ka sa wa ido a miya ita ma can take tafiya. Abin da ya rage mana wanda baƙo bai isa ya taɓa ba shi ne hirar Inna bayan isha'i. Da damina a rumfar girki muke taruwa, ruwa na ɗiga daga bakin kwano, ita tana zaune a kan 'yar kujerarta gaban murhu tana juya masara a kan garwashi. In an ɗauke wuta ma mun fi so, don a lokacin babu mai tashi ya tafi kallo a maƙwabta.

Ni da ƙanena Nasiru kullum muna gefenta, ni a dama shi a hagu, amma halinmu ba ɗaya ba ne. Ni mai kunya ne, in aka aike ni zaure da kwano sai in dire in gudo. Nasiru kuwa sai ya zauna. Kafin baƙo ya gama cin tuwo ya san sunan 'ya'yansa, ya koyi gaisuwar garinsu, ya dawo yana gwada mana muna dariya. Ina dariyar tare da kowa, amma can ƙasan raina ba na jin daɗi.

Wata shekara, a dogon hutun makaranta, wani dattijo mai goro daga zangon Kumasi, Baba Sa'idu, ya sauka wajenmu. Da zai koma sai ya roƙi mahaifinmu ya ba shi yaro ɗaya ya je ya ga iyalinsa, in hutu ya ƙare motar goro ta dawo da shi. Ban yi shakka ba ni ne, tunda ni ne babba. Har takalmina na wanke na jingina a rana. Da aka kira mu zaure, Baba Sa'idu ya dafa kan Nasiru ya ce, "Wannan ƙaramin za a ba ni, shi ya saba da ni." Da safe na tsaya a ƙofar gida na ga an ɗora shi gaban mota kusa da direba, yana ɗaga mini hannu. Ban ɗaga nawa ba.

Ranar na ƙi cin tuwo. Na je rumfa na zauna nesa da wuta, na juya baya. Inna ta bar ni har sauran jikoki suka gama taruwa, sannan ta ce, "Maigidan nawa, yau da ni ake fushi, ko da tuwon? Matso, hagun ma yau naka ne." Na matso ba don ina so ba. Ita ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran mutane. Cewa take, "Ga wata ta yi sallama," mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Ta ce a wani gari an yi maƙwabta biyu, Tanko da Bawa, danga ɗaya ce tsakaninsu. Tanko jaki ɗaya gare shi, yana kai kanwa ƙasashe masu nisa inda ba a jin Hausa, amma bai taɓa kwana a kasuwa ba. Duk garin da ya shiga akwai gidan da ake rige-rigen karɓar kayansa. Ya dawo ya yi ƙiba, bakinsa cike da labari. Bawa manomi ne, rumbunsa ya fi na Tanko cika, amma in ya leƙa ta danga ya ga mutane sun kewaye Tanko suna sauraro, sai tuwo ya ƙi wuce masa. Wata kaka bayan ya gama girbi ya je ya ce wa Tanko ya gaya masa asirin. Tanko ya yi dariya ya ce babu wani asiri, duk garin da Bawa ya shiga ya ce kawai shi maƙwabcin Tanko ne.

Bawa ya kama hanya. Garin farko yana faɗin haka aka yanka masa kaza. Amma tun kafin ya wanke hannu aka fara: yaya Tanko, yana nan da dariyar nan tasa? Gari na gaba wata tsohuwa ta kwana tana ba shi labarin yadda Tanko ya gyara mata jinka. Ko'ina ya je haka, ga shimfiɗa mai laushi, ga abinci har ya ture, amma babu wanda ya tambayi sunansa. Yara ma Maƙwabcin Tanko suke kiransa. A nan Inna ta sassauta murya ta ce, "Cikinsa ya ƙoshi, amma ransa da yunwa yake kwana." Da ya isa wani gari a bakin kogi, maigidan ya tambaye shi lafiyar Tanko, sai bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai Tanko ya riga mu gidan gaskiya. Gida ya ɗauki kuka, abincin da aka dafa ya huce babu wanda ya taɓa. Kafin gari ya waye Bawa ya sulale ya nufi gida.

Labari ya bi hanya gari gari. Mutanen duk gidajen nan suka ɗaura niyyar ta'aziyya, suka yi ayari, suka iso, sai ga Tanko a ƙofar gida yana ɗinkin mangala. Kuka ya koma murna. To amma gidan Tanko ɗaki biyu ne, ina zai kai wannan jama'a? Sai ya leƙa ta danga ya ce, "Bawa, baƙina sun fi ƙarfin gidana, ka taimake ni." Bawa ya fito, ya buɗe rumbu, matarsa ta kwana daka. Baƙin suka ci suka sha a gidansa, kuma har suka gama kwanakinsu babu wanda ya tayar da maganar ƙaryar. Ranar tafiya dattijon nan na bakin kogi ya riƙe hannunsa ya ce, wancan karon ba su tambayi sunansa ba, wannan laifinsu ne. Bawa ya gaya masa. Dattijon ya ce, "To Bawa, mun ci tuwonka. In ka tashi zuwa, ka zo da sunanka."

Inna ta kakkaɓe toka daga masara ta ce, "Ta naɗe tabarmarta ta tafi, wanda ya ji ya ji." Sauran yara suka tashi. Ni na tsaya na ce, "Inna, to daga baya Bawa ya je?" Ta kalli garwashi ta ce, "Tatsuniyar ba ta kai nan ba. Karɓi masararka." A daren na kwanta da haushi biyu, na tafiyar Nasiru da na ganin Inna ta mai da ni Bawa a gaban kowa.

Nasiru ya dawo da 'yar riga ta saƙi da kalmomin Asante a bakinsa, kuma tun daga nan ƙafarsa ba ta sake zama ba. Yanzu aikin haɗa sola yake yi, da ya ɗan tara sai ya ɗauki jaka. Ya bi ta Yamai har Dakar a mota, ya je Maroko. Akwai wata manhaja a waya da mutane ke buɗe wa matafiyi gidansu kyauta, wani ɗaki, wani kujerar falo, ita yake bi, bai san ƙofar otal ba. Ni kuwa malamin sakandare ne, ina haya a Unguwar Dosa da matata Maryam da yaranmu, fasfo ma ban taɓa yi ba. Sai ina tsakiyar duba takardun jarrabawa hoto ya shigo, ga Nasiru a ƙasa kan darduma cikin wasu mutane, hannu cikin faranti ɗaya, wata tsohuwa ta dafa kafaɗarsa kamar ita ta haife shi. In rubuta masa Allah ya kiyaye hanya, in kife wayar. Maryam ta gane ni. Takan ce, "Malam, ƙanenka ne fa." In ce ai na sani, shi ya sa.

Bara ya kira ni daga Agadas. Ya ce, "Yaya, alfarma nake nema. Usmanu, wanda ya sauke ni a Dakar, zai wuce Kano ta Kaduna, ga shi ba na nan. Ka riƙe mini shi." Na so in ce gidan ya yi mana kaɗan, amma na ji kunyar bakina. Muka kwashe yara zuwa ɗakinmu, Maryam ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Usmanu mutumin kirki ne, dogo, mai yawan murmushi, muna haɗa ɗan Turanci da ɗan Larabci muna fahimtar juna. Sai dai duk inda hira ta nufa, kan Nasiru take sauka. Nasiru ya goyi mahaifiyar Usmanu zuwa mota ranar da ciwo ya tashi, Nasiru ya koya wa matarsa kunun gyaɗa, unguwarsu har yau ana tambayarsa. Na kai shi kasuwa, na kai shi bakin kogi, na biya da shi masallacinmu, ko'ina cewa yake Nasiru ya ba shi labarin wurin. A gidana, a kan tabarmata, na zama yayan Nasiru. Ranar da na raka shi Kawo ya rungume ni ya ce ƙofarsa a buɗe take. Na ce in sha Allah, irin wadda mutum ke faɗa ya san ba kusa ba.

Daga tasha na biya tsohon gidanmu na gaida mahaifiyata. Inna ta daɗe da rasuwa, rumfar girkin ma an rushe an yi ɗaki. Na ba Mama labarin baƙon, ina yi kamar wasa, na ce ni dai Allah ya yi ni mai tsaron gida ne, wasu na yawo ina dafa wa baƙinsu. Mama ta dube ni ta ce, "Habibu, kai Inna ka ɗauko, ba ka bar komai ba." Na ce wace Innar, wadda ba ta gajiya da baƙi? Ta ce ita fa. Ta ce Inna da bakinta ta gaya mata, duk ranar da kakanmu zai tafi ba ta iya cin abinci, kuma ba kewa ba ce, ƙyashi ne. Tana son ta ga Kumasin nan da take dafa wa mutanenta tuwo. Sau ɗaya ya yi mata alkawari, har ta ɗaure kaya, da asuba sai ga baƙi daga Maraɗi sun yi sallama. Ya tafi, ita ta kwance ƙullinta ta ɗora tukunya. Har ta koma ga Allah ba ta wuce Kano ba.

Shekaru ina ɗauka tsohuwar nan gugar zana ta yi mini a daren nan, ashe ita ma da safen ta tsaya a bayan ƙyaure ta ga motar ta tashi da jikanta zuwa garin da aka hana ta. A duk gidan ni kaɗai ne na ji abin da ta ji, shi ya sa ta jawo ni kusa da wuta. Ba ta ce mini ƙyashi haramun ne ba, ba ta ce in yi wa ɗan'uwana murna dole ba. Ta san ba a cire shi da faɗa. Abin da ta nuna mini shi ne inda yake kai mutum in ya bar shi ya hau harshensa, da kuma cewa ana iya ɗauke da shi a ciki a buɗe wa mutane ƙofa.

Ba zan ce na warke ba. Jiya ma hoto ya shigo, na ji abin ya soke ni a inda ya saba. Amma na daina jin kunyarsa kamar da, tunda na san wadda na gada, na kuma san mutanen ƙasashe nawa suka ƙoshi a hannunta tana fama da shi. Abu ɗaya ne ba na so in gada, in tsufa ina jira wani ya zaɓe ni. Na gaya wa Maryam in an yi dogon hutu zan nemi fasfo, ko Yamai ce in fara da ita. Ta yi dariya ta ce ta ji, amma da sharaɗi: duk gidan da zai sauke ni, ya shirya shimfiɗar mutum biyu.