Masallaci Mai Alƙibla Biyu: Zuwa Ga Lado Direba

Mu na Allah ne, kuma wurinsa aka nufa da mu, babba da yaro. Ranar Litinin biyar ga Afrilu, 2021, da hantsi, saura kwana takwas a ɗauki azumi, Allah Ya karɓi ran Lado Iliasu Birnin Kudu a wani asibiti a nan Doha, bayan kwana goma sha ɗaya yana fama da korona. Shekararsa talatin da shida. Direba ne, shi ke kai 'yata Haulat da abokan aikinta asibiti, ya kuma ɗauko su. Ni ce Atine, uwar Haulat, mutuniyar Malumfashi, tsohuwar da yake kira amaryarsa, nake kiransa maigida mara cefane. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Wanda ya ga magana ta karkace ya yi haƙuri.

Lado, da kai zan yi magana, don ban saba yi da kai a bayan idonka ba.

Na zo garin nan a watan Fabrairun bara don wankan jegon Haulat. Kwana arba'in na ƙudurta, ga shi ina cikin wata na goma sha huɗu, tunda aka rufe hanya ina nan. Ranar da na sauka a gidansu na unguwar Al Muntazah kowa ya shagala da jaririya, ni kuwa na leƙa taga na ga inda rana ke fitowa, na shimfiɗa darduma. Kwana uku ina salla haka a ɗakina. Ran na huɗu na fito falo da sallar walha, ka shigo ɗaukar jakar Haulat, za ka kai ta ganin likita. Ka tsaya har na sallame.

Ka ce, “Kaka, Allah Ya karɓa. Sai dai fa Makka tana bayanki.”

Na ce, “Tafi can, tun ba a haifi babanka ba nake salla.”

Ka ce, “A Malumfashi ba. Jirgin da kika hau ya wuce Makka kina ta minshari. Yanzu yamma take.”

Dariya kake yi, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Ban taɓa sanin akwai wurin da mutum zai je a duniya gabas ta daina zama alƙibla ba. Na rama sallolin nan duka, kai kuma ka laƙaba mini Hajiya Gabas, sunan ya bi ni har Sanaiya, unguwar leburori inda kake kwana, wurin mutanen da ban taɓa gani ba.

Sai ciwon ya shigo. Ba zan ɓoye ba, tsorona ya fi na kowa a gidan. Na wanke tumatir da sabulu. In na ji jiniyar motar asibiti sai in ƙirga numfashina. Ba mutuwar ce ta fi tayar mini da hankali ba, don na san tana tafe. Likkafanin da na tanada yana can cikin adaka a Malumfashi, ni kuma ina nan, inda za a sa ni a jakar gawa, baƙi su rufe ni, babu mai cewa ga inda Atine take. Kai kaɗai na faɗa wa haka. Ba ka yi mini wa'azi ba. Washegari na tarar da leda a rataye a ƙofa, kuka da daddawa da ɗan yajin da ka samo wurin wani a kasuwar Asian Town, da takarda: cefanen maigida, a daina gori. Da aka fara allurar riga-kafi na ce ko kusa, kai ka lallashe ni ka kai ni, ka tsaya a rana awa biyu. Na ce kai fa? Ka ce tsofaffi aka fara yi wa, naku layin yana tafe. Bai iso ka ba.

Yanzu bari in faɗa wa mutane abin da ka fi so, wanda da yawa ba su sani ba.

Tafiyar awa guda daga Doha, in an saki kwalta, akwai wani tsohon fili da jiragen Turawa suka riƙa sauka a zamanin yaƙin Hitila. Ba wani abin kallo ba ne: da'irar duwatsu a tsakiya, tulin duwatsu a kusurwa huɗu don matuƙi ya hango daga sama, ɗaki guda mara rufi, da gangunan mai da tsatsa ta cinye. Wasu mutane bakwai suka ɗauki wurin aikin gayya, babu mai biyansu. Kowace Juma'a da safe, ranar hutunsu kenan guda ɗaya, su je su tsince shara, su mayar da dutsen da mota ta ture, su shafa farar ƙasa, in sun tsinci maɓalli ko gwangwani su ɗauki hotonsa su rubuta inda yake. Akwai Abu Jasim, dattijon Balarabe wanda babansa ya yi wa filin dakon ruwa a kan raƙumi. Akwai Moro, maigadi ɗan Zangon Kumasi, mai Hausar da ke mayar da ni namiji, sai ya ce mini kai maimakon ke. Da farko haya suka ɗauke ka ka kai su. Zuwa na uku ka ƙi karɓar komai, ka nemi bokiti da burushi. Na ce maka mutumin kirki ya huta ranar Juma'a, kai ka tafi yi wa duwatsu kwalliya. Ka ce mutane ne suka jera su da hannu a cikin wannan rana, kuma ba a san sunan ko ɗaya ba.

A watan Oktoba, da zafi ya sauka, ka matsa sai na je na sha iska. Wata bakwai ban taka ƙasa ba. Na shiga bayan mota da takunkumi biyu, gilasai a buɗe, ina karanta duk abin da na haddace. Wurin shiru, babu itace, babu tsuntsu, ko'ina ka duba ƙasa ta haɗe da sama. Na kasa nisa da motar. Da nake neman inda zan zauna, sai ga wasu duwatsu a bayan ɗakin, an jera su murabba'i, girman sahu uku. Gefen gabas ya turo ciki waje kamar wurin tsayuwar liman, amma an gitta masa duwatsu an toshe. Gefen yamma ma ya turo, shi a buɗe. A bakin shiga ga wani faffaɗan dutse.

Na tambaya. Moro ya ce, “Hajiya, mun rubuta shi wurin ajiye kaya. Da mun ce masallaci ne, amma wane masallaci ke da hanci biyu, ɗaya ya ba Makka baya?”

Na zauna a kan faffaɗan dutsen, na ga ashe daidai zaman alwala yake. Na ce, “Mutanenmu ne. Sun sauka sun ga inda rana ke fitowa, sun jera masallacinsu kamar na gida. Daga baya wani mai baki irin na Lado ya zo ya ce Makka tana bayanku. Suka toshe wancan, suka buɗe wannan.”

Ka fassara wa Abu Jasim. Dattijon ya ce yana yaro babansa kan ba da labarin wasu baƙaƙen lebura masu zane a kumatu, da suka share filin, masu yawan salla, waɗanda aka yi wa dariya a kan alƙibla. Ya ce shekara sittin bai tuna da zancen ba.

Ku kuna murna, ni kuwa na tuna da gida. Yayan mahaifiyata, Kawu Gafaru, an kwashe shi sojan lebura a wannan yaƙin, aka ce an yi gabas da su. Bai dawo ba, takarda ba ta zo ba, kakata ta rasu tana ajiye masa tuwo a akushi. Ban ce shi ne ba, Allah ne masani. Amma na ga yadda ɗan mutane ke ɓacewa a ƙasar da ba tasa ba, har ya zama abin da ya rage nasa kuskure ne guda da aka jera da duwatsu. Na ga kaina a ciki. Na ce ka mayar da ni gida. A hanya ba ka tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da ban taɓa gani ba.

A watan Maris kuka je kuka tarar an kafa turaku masu jan ƙyalle, sun ratsa ta tsakiyar masallacin. Wani kamfani ne zai baje wurin, a yi tashar manyan motocin da za su yi jigilar 'yan kallon ƙwallon kofin duniya na baɗi. Ba mugunta ba ce, a takardarsu fili ne fetal. Ka yi ta sintiri a ofisoshi tsakanin kai ma'aikata da ɗauko su, har masu kula da kayan tarihi suka yarda za su turo mutum biyu su gani da ido ranar Alhamis, sha biyar ga Afrilu. In sun gamsu a kewaye wurin da waya, in ba su gamsu ba katafila ta shiga ranar Lahadi. Ka zo ka tsaya a ƙofa, nesa da ni kamar yadda aka ce a yi.

Ka ce, “Amarya, ke za ki yi musu bayani. In ni na faɗa, labarin direba ne. Ke kuwa kin yi kuskuren da kanki, ga furfura shaida.”

Na ce, “Ciwon ya dawo sabo, kullum ana ɗaukar mutane. Ka bari ya lafa.”

Ka ce, “Katafila ba ta san korona ba.”

Na ce ba inda za ni, in kana son gawata ka faɗa. Ka yi dariya ka ce khalas, wato shi kenan, za ka dawo da toshi. Maganar ƙarshe kenan da muka yi ido da ido. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kama ka. Daga asibiti ka aiko mini murya a waya, kana tsayawa tsakanin kalma da kalma: “Hajiya Gabas, an kwantar da ni ina kallon bango, ban san ina ne yamma ba. Ki yi mini tawa sallar.” Na saurara sau ɗaya. Na kasa sakewa, na kuma hana Haulat gogewa.

Yau Laraba, biyu ga azumi. Gobe ne. Tun da ka tafi tsorona ninkuwa ya yi, don in ciwon ya iya da mai ƙarfi irinka, me zai ce da ni? Ina tsoron motar, ina tsoron numfashin mutane, ina tsoron tsayawa gaban manya masu farar riga da Hausata tsirara, babu kai a gefe kana gyara mini ita da Larabci. Ina tsoron su saurara, su gode, ranar Lahadi kuma a baje. Na fi tsoron in zauna a ɗaki a baje ban ce komai ba, mutanen nan su ɓace karo na biyu, kai kuma Juma'o'inka su bi su. Surukina Abdulbaqi ya ɗauki hutu zai tuƙa ni. Abu Jasim zai zo da sandarsa. Moro ya ce shi zai fassara, na ce to, amma in ya mayar da ni namiji a gaban hukuma zai gane kurensa. Na wanke dardumar nan da ka gan ni a kanta. Zan shimfiɗa ta gabas a cikin duwatsun, su ga yadda aka yi, sannan in juya ta yamma. Ka ci ni da toshin da ba ka kawo ba, maigida. Za ni.

Ya Allah, Ka jiƙan Lado. Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata masa makwanci Ka haskaka shi. Duk dutsen da ya ɗaga ya mayar, duk mara lafiya da ma'aikacin da ya kai inda za su, Ka sa ya tarar a mizani. Ka haɗa da bayinka da suka jera masallacin can, Kai Ka san sunayensu, da Kawu Gafaru duk inda ƙasa ta rufe shi. Mu kuma da muka rage a baƙon wuri, Ka ɗauke mana wannan annoba, Ka sa mu cika da kalmar shahada.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinsa Malam Iliasu da mahaifiyarsa Inna Alimatu a Birnin Kudu, da abokan zamansa na Sanaiya da ba a bari suka raka shi ba sai mutum huɗu, da 'yan gayyar fili. Allah Ya ba ku haƙuri.

Ke kuma Sa'adiyya matar Lado, 'yata, kishin wasa na yi da ke shekara guda ba mu taɓa haɗuwa ba, yau ga mu a takaba ɗaya, taki ce ta gaske. Allah Ya raya miki Ikhlas, wadda babanta bai sani ba sai a hoto. Kin tambayi Haulat a waya ina aka sa shi, kin ce ba ki san ma ta ina za ki duba ba. Na tambayi Moro, yana cikin huɗun da suka tsaya. An kwantar da shi a kan damansa, fuskarsa tana yamma, don nan haka alƙibla take. Daga nan kuwa Makka da Birnin Kudu duk hanya ɗaya suke. In kin tsaya salla kin fuskanci gabas, shi ma ya fuskanto ki, Ka'aba ce kawai a tsakaninku.

Atine Malumfashi
Al Muntazah, Doha